Ranar da Mataimaki Ya Zama Farfesa

"Saki kafaɗarka mana, Malam. Kwat ɗin nan na aro ne, in ya ɓarke ni za a kama."

Mataimaki ya saki kafaɗa. Yayan matarsa ya ja kwat ɗin ta baya, ya gyara masa wuya, sannan ya matsa gefe yana ƙare masa kallo kamar mai shirin taya akuya. Suna tsaye ne a wani lungu na ofishin kamfe, tsakanin injin fotokofi da tarin fastocin da ba a kai ga mannawa ba. A jikin kowace fasta Dattijo ne yake murmushi, ɗan takarar shugaban ƙasa, wanda Yaya yake yi wa hidima tun kafin furfura ta fito masa.

"Ina tabarau ɗin?"

"Yaya, ai ina gani sarai."

"Farfesa ma yana gani sarai. Saka."

Ya saka. Ba na magani ba ne, amma ya matse masa karan hanci. Ya leƙa fuskarsa a gilashin taga, ya ga wani tsoho da hannun kwat ya tsaya masa nesa da wuyan hannu. Ya ce a ransa, ikon Allah, yau ga Farfesan da bai wuce digirin farko ba.

Abin da ya kawo shi ba mai wuyar faɗa ba ne. Saura 'yan kwanaki a yi muhawara a talabijin tsakanin manyan 'yan takara biyu. Ga Dattijo, wanda ya riƙe ma'aikatar ruwa, ya riƙe ta hanyoyi, ya riƙe ta noma, ya yi jakadanci, har mutane suka manta lokacin da ba ya cikin gwamnati. Ga kuma Farfesa, wanda bai kai hamsin ba, mai digiri uku da littattafai kan tattalin arziki, ya shugabanci jami'a amma ko kansila bai taɓa tsayawa ba. Mutanen Dattijo suna son a yi gwaji, wani ya tsaya a matsayin Farfesa ya jefo irin maganganunsa, don tsohon ya saba da su kafin ranar. Yaya ya ce ai yana da suruki, malamin da ya tsufa yana koya wa yara muhawara.

Kuma akwai gurbin aiki. Mai rubuta wa Dattijo jawabi ya kwanta ciwo ya ajiye aikin, ana neman wani. An tace an tace, mutum biyu suka rage: Mataimaki, da wata mata da kowa ke kira Dokta. Yau Dattijo zai gan su duka biyun ya zaɓi ɗaya.

"Ka ji ni da kyau," in ji Yaya, ya rage murya. "Ka san yadda uba yake kokawa da ɗansa ƙarami? Ya ɗan yi nishi, ya ɗan turje, sannan ya faɗi. To haka za ka yi. Ka kawo maganar takardu, shi ya kawo ta ƙwarewa, mu tafa, a tashi. Ka taɓa shi, kada ka ture shi."

"Faɗuwa ai sana'ata ce, Yaya. Ba sai an koya mini ba."

"Ba wasa nake yi ba. Ƙanwata tun safe take kirana, har ta fara tambayar ko aikin da mota."

Maganar faɗuwa ba ƙarya ya yi wa Yaya ba. Sunan Mataimaki ba iyayensa suka sa masa ba. Ya kusa shekara ashirin yana mataimakin shugaban wata makarantar sakandare. Sau huɗu kujerar shugaban tana zama babu kowa, sau huɗu yana goge rigarsa ya je gaban kwamiti, sau huɗu ana kawo wani mai takardar da ta fi tasa, shi kuma ya zagaya da shi ya nuna masa inda makullin sito yake. Biyu daga cikinsu ma shi ya koya musu rubutun insha'i. Sunan ya bi shi har gida. Mai nama Mataimaki yake ce masa, mai wanki Mataimaki, matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Shi ya sa duk ɗakin malamai an san Dattijo nasa ne, kuma wanda ya taɓa tsohon a gabansa ranar ba zai sha shayinsa da zafi ba. Gani yake in Dattijo ya ci zaɓe, kamar shi aka rama wa. In kuwa ya samu aikin nan, zai ajiye alli kafin sabon shugaban makarantar, wanda sa'an ɗansa na fari ne, ya sake kiransa ofis don ya koya masa yadda ake shigar da maki a kwamfuta.

Ɗakin taron dogo ne, da fanka biyu, ɗaya ke aiki. An kafa wa Dattijo teburin jawabi na gaske, mai makirufo. Shi kuwa Farfesan aro kwalin takardu aka ɗora masa a kan tebur, aka lulluɓe da ƙyalle. A tsakiya Dokta ce zaune, ita aka ba matsayin 'yar jarida mai jefa tambaya, wayarta a gabanta don auna lokaci. Ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba. Ta miƙe ta ɗan rusuna ta ce, "Ina wuni, Baba." Ya so a ce rashin kunya ta yi masa, da ya fi samun sauƙin jin haushinta.

Dattijo ya shigo a hankali, mutanensa na biye, duk masu furfura, kowa ya san kujerarsa. Ya fi hotonsa tsufa, ya kuma fi shi kwarjini. Ya dubi Mataimaki daga tabarau har takalmi.

"Wannan ne Farfesan namu?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

"To, Farfesa, ka bi ni a hankali. Ka ga tsoho ne ni."

Aka yi dariya, Mataimaki ma ya yi, har ta fi ƙarfin maganar. Dokta ta danna wayarta ta jefo tambayar farko: me ya sa kowannensu yake ganin shi ya fi cancantar riƙe ƙasar?

Mataimaki ne ya fara. Ya ce duniya ta canza, mulkin yanzu sai da ilimin zamani, shi kuma ya karanci tattalin arziki a manyan jami'o'i, ya rubuta littattafai. Ya faɗi maganar ba gishiri, yadda yake karanta sanarwar sharar makaranta a taron safe. Ya saci kallon Yaya, Yaya ya gyaɗa kai.

Dattijo ya dafa teburinsa da hannu biyu.

"Farfesa ya karanta yadda ake gyara ƙasa, Allah ya ƙara basira. Ni kuwa na zauna a ɗaki ɗaya da shugabannin ƙwadago ranar da suka tsayar da komai, ba wuta, ba mota, ba asibiti, kowa ya zo da fushinsa, kuma ban fito ba sai da yarjejeniya. A wane shafi na littafinsa aka rubuta abin da za ka ce wa mutumin da ya yi wata uku bai ga albashi ba? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Aka tafa. Sai da tafin ya fara lafawa Mataimaki ya lura akwai mutum ɗaya da ya fi kowa ƙarfin tafi, kuma ba wani ba ne, shi ne, a tsaye bayan kwalinsa cikin kwat ɗin Farfesa. Yaya ya rufe fuska da tafin hannu.

Dattijo bai yi dariya ba.

"Malam, in haka yaron nan zai yi mini ranar, ai sai in aika direbana ya wakilce ni. Taro na baro na zo nan. An ce mini kai ke koya wa yara gardama. Ko dai yaran ne suke koya maka?"

Dokta ta sunkuyar da kai tana kallon wayarta, amma ya ga gefen bakinta ya motsa.

To, mu malaman makaranta akwai wata cuta da Allah ya jarrabe mu da ita. Ka hana mu ƙarin girma, mu haƙura. Ka riƙe mana albashi, mu yi gunaguni mu shiga aji. Amma ka ce ba mu iya abin da muke koyarwa ba, a gaban mutane, to ka taɓo inda ba a taɓawa. Ga shi kuma Mataimaki yana da doka ɗaya da ya cusa wa duk yaron da ya taɓa shiga ƙungiyar muhawararsa: ɓangaren da aka ba ka, shi ne uwarka shi ne ubanka har a buga ƙararrawa. Ya taɓa cire wata yarinya daga gasa don kawai ta tausaya wa abokiyar karawarta. Ya gyara zaman tabarau ɗin.

"Mai girma ɗan takara ya riƙe ma'aikatar ruwa shekara shida," ya ce, muryar nan tasa ta aji ta fito, wadda take kaiwa bencin baya. "Ina so ya gaya wa jama'a, a cikin shekarun nan, unguwa nawa famfo ya shiga."

"Ai maganar ruwa magana ce mai dogon tarihi," in ji Dattijo. "Lokacin da muka zo, mun tarar da..."

Mataimaki ya ƙwanƙwasa kwalin da ɗan yatsa, yadda yake yi wa ɗalibin da ya fara kame-kame.

"Ba ka amsa tambayar ba."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. An daɗe rabon da wani ya katse Dattijo a cikin ginin nan.

"Ba abin da ka tarar na tambaye ka ba, abin da ka bari nake tambaya. An ɗauke ka daga ruwa an kai ka hanyoyi, an ɗauke ka daga hanyoyi an kai ka noma, ka ce ƙwarewa ce. Mu a wajenmu, in ka ga ana ta canza wa malami aji kowane zango, to ba yabonsa ake yi ba."

Yaya ya yi tari. Ya sake yin tari. Mataimaki ya ji shi sarai, amma ya shekara da shekaru yana koyarwa ta kan tarin 'yan bencin baya, bai ko waiga ba.

Dattijo kuwa sai ya miƙe sosai, kamar an zuba masa ruwan sanyi. Idonsa ya buɗe.

"Farfesa bai taɓa roƙon ƙuri'ar mutum ɗaya ba. Bai taɓa shan zagi a kasuwa ya yi murmushi ba. Bai taɓa sa hannu a takarda yana sane wasu za su kwana da yunwa saboda ita ba, amma in bai sa ba waɗanda suka fi su yawa za su kwana. Jami'a daban, ƙasa daban. A jami'a in ka yi kuskure sai a sake jarrabawa, a ƙasa sai a haƙa kabari. Wanda ya daɗe a hanya shi ya san ramukanta."

Maganar ta shiga Mataimaki har ƙashi, domin tasa ce. Irinta ya faɗa wa kwamiti sau huɗu, ban da kabarin. Kuma shi ya sa ya san daidai inda take yoyo, don ya sha kwana a ƙarƙashinta.

"Jakin mai itace ma ya san ramukan hanya," ya ce. "Ya tsufa yana kauce musu, bai taɓa cike ko ɗaya ba."

Wani daga cikin masu furfura ya ce, "Subhanallahi."

Nan ya kamata ya tsaya. Mai hankali ma tun kafin jakin zai tsaya. Amma wa ya taɓa ganin malami ya yi shiru alhali aji ya nutsu yana saurarensa?

"Daɗewa a kujera ba gwaninta ba ce," ya ci gaba. "Mutum ya shekara da shekaru a gefen shugabanci, ana ɗaukar wasu ana tsallake shi, sai ya ce hassada ce, sai ya ce yaran zamani ba su san darajar manya ba. Bai taɓa zama ya tambayi kansa ba: a duk shekarun nan me na ƙara? Wane sabon abu na koya wanda ban iya ba ranar da na fara? Ƙofar makaranta a buɗe take, gemu ba ya hana ilimi, me ya hana ni komawa? Sai ya riƙe tsufansa yana nuna wa mutane kamar takardar shaida, alhali tsufa kowa zai samu in bai mutu ba."

A kan "me ya hana ni" muryarsa ta ɗan karye. Ya gane maganar. Ba ta Farfesa ba ce, Farfesa bai taɓa faɗin haka ba. Shugabar kwamitin ƙarshe ce ta gaya masa ita, a hankali, cikin tausayi, bayan kowa ya fita. Ranar ya koma gida ya ce wa matarsa matar nan ba ta da tarbiyya. Ashe ya haddace maganar tsaf, har ya yi mata kwalliya. Kunya ta kama shi, irin wadda ba mai ganinta sai kai.

Wayar Dokta ta daɗe da yin ƙarar cikar lokaci. Ita ce ta kashe ta ta ƙyale shi.

Dattijo ya miƙa hannu aka ba shi ruwa. Ya sha a hankali, kowa na kallon maƙogwaronsa. Ya ajiye kofin.

"An rubuta?"

Masu furfura suka dubi juna.

"Na ce an rubuta abin da ya faɗa? A rubuta duka, har da jakin."

Sai ya fashe da dariya, irin ta ciki, har yana dafa tebur. Da masu furfura suka tabbatar dariyar gaske ce, su ma suka kama.

"Tun da na fara neman kujerar nan ba wanda ya gaya mini haka," in ji Dattijo. "Waɗannan da kake gani, in na yi atishawa sai su ce jawabi ne mai ma'ana. Gara in sha shi a nan da in sha shi a gaban duniya."

Fuskar Yaya ta washe. Kafin Dattijo ya gama goge ido, Mataimaki har ya shiga ofishin shugaban makaranta a zuciyarsa, ya ajiye makullin sito a kan tebur, ya ce yaro ga kayanka, ya fito bai rufe ƙofa ba.

"Ku matso, ku biyun," in ji Dattijo. "Malam, karatunka a ina ya tsaya?"

"Digirin farko, ranka ya daɗe. Sai ƙwarewa."

Shi da kansa ya ji yadda kalmar ta faɗi ƙasa ba ta tashi ba.

"Ke fa?"

"Na yi digiri na uku a fannin sadarwa, ranka ya daɗe. Amma gaskiya ban taɓa rubuta wa ɗan siyasa jawabi ba."

Dattijo ya jinjina kai. Ya dubi Mataimaki da fuskar da ba mugunta a cikinta ko kaɗan, wanda hakan ya fi ciwo.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba. Da na shigo ɗakin nan kai na yi niyyar ɗauka. Na ce tsoho sai tsoho, za mu fahimci juna. Amma ka gamsar da ni. In yaron nan ya tsaya ranar ya ce duk tsofaffin hannu ne kewaye da ni, wa zan nuna? Masu sanin ramuka ina da su har sun yi mini yawa. Dokta, gobe ki fara."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Dokta, ba ta dubi kowa ba.

"Kai kuma, Malam, ka riƙa zuwa kullum da yamma har ranar muhawarar, ka zage ni kamar yadda ka yi yau. Kada ka rage komai. Za a riƙa ba ka na mota."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Mataimaki. Har da rusunawa.

A lungun injin fotokofi Yaya ya zare masa kwat ɗin ba tare da lallashin ɗazu ba, ya karɓe tabarau ya jefa a aljihu.

"Me na ce maka? Na ce ka taɓa shi."

"Ai taɓa shi na yi, Yaya. Ka ga shi yana tsaye, ni na faɗi."

"Jaki, Malam. A gaban mutane. Mutumin da yake neman shugabancin ƙasa."

"Ya ce a rubuta."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ni ba zan ɗauki wayar ƙanwata ba, kai za ka yi mata bayani."

Yana saukowa daga bene Dokta ta biyo shi da sauri, tana riƙe da jakarta.

"Baba, wallahi ban taɓa jin an yi muhawara haka ba, ko a jami'a. In ba damuwa, zan riƙa kawo maka abin da na rubuta kana duba mini."

Ya tsaya ya dube ta. Ya nemi haushinta a ransa, ya lalube ko'ina, bai samu ba.

"Ki kawo, 'yata," ya ce. "Taimako ai shi na ƙware a kai."

A bakin titi rana ta yi sanyi, mutane sun taru suna jiran mota. Ya tsaya cikinsu da rigarsa ta malanta, wadda kwat ɗin ya yamutsa. Baƙin ciki yake ji, mai nauyi, na mutumin da zai koma gobe ya yi sallama a ƙofar yaron da ya riga ya yi wa bankwana a zuciya. A ƙarƙashin baƙin cikin kuma, abin haushi, akwai wani ɗan daɗi da ya ƙi tafiya, domin rabonsa da ya yi magana ɗaki ya yi tsit haka har ya manta.

Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. Ya dube ta, ya bari ta kusa tsinkewa, sannan ya ɗauka.

"Malam, yaya? Yaya ya ƙi ɗaukar wayata."

"Na ci," ya ce.

"Alhamdu lillahi. Kai, Allah mun gode maka. Yaushe za ka fara?"

"Muhawarar na ci."

Yana jin ƙarar ruwa a bayanta, ta bar famfo ko buta tana zuba.

"Aikin fa?"

"An ba wata yarinya. Ta fi ni takarda."

"Takarda kuma? Ba shi ne kullum kake cewa ya san darajar ƙwarewa ba? Ba Yaya ya ce ya riga ya karkata wajenka ba?"

"Ya karkata. Aka ba shi shawara ya canza."

"Wane marar tsoron Allah ne ya ba shi wannan shawarar?"

Mota ta tsaya, kwandasta yana kiran unguwarsu. Mataimaki ya matsa gefe ya bar mutane suna shiga.

"Ni ne," ya ce. "Kuma da kin ji yadda na tsara ta, da ke ma kin yarda."